Waiwayen Shekara Da Alƙalami Ake Yin Sa

A Fagge da Sabon Gari na Kano shekara ba sau ɗaya take ƙarewa ba. Akwai ƙarshen Zulhajji, lokacin da limamai ke huɗuba a kan shigowar Muharram. Akwai watan azumi, wanda attajirai da yawa na Kantin Kwari suka mayar lokacin fitar da zakka. Sai kuma Disamba, lokacin da tashar New Road ke cika maƙil da dogayen motoci masu zuwa Anacha da Aba da Inugu, 'yan kasuwar Ibo sun ƙirga kaya, sun garƙame shaguna, sun nufi gida Kirsimeti. Kowane lokaci ka ɗauka, maganar da ake yi kusan ɗaya ce. A yi wa juna barka, a ce Allah ya maimaita mana, wannan ya ce bana ya koyi haƙuri, wancan ya ce ya gane halin mutane. Duk maganganu ne masu kyau, sai dai ba su hana mutum ya sake faɗawa ramin da ya faɗa bara. Waiwaye adon tafiya ne, amma wanda ke da amfani shi ne wanda aka zauna aka yi da alƙalami da takarda.

Shekarar 2023 ta isa misali, domin babu ɗan kasuwar Kano da ya manta da ita. Ta shigo ne da wahalar takardun kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffi ranar 31 ga Janairu, daga baya ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma ba su wadata ba. Mutum yana da kuɗi a banki amma sai ya biya naira 1,000 ko fiye kafin mai POS ya ba shi 10,000, in ma an samu. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Wanda ya rantse shi da banki har abada ya sha wuya, domin masu saye ba su da tsaba sai taransifa. Wanda ya dogara da banki ɗaya tak shi ma ya sha, kuɗi sun fita daga asusun mai saye, alat bai shigo ba, an tsaya ana kallon waya. Waɗanda suka ɗan samu sauƙi su ne masu hanya fiye da ɗaya, da kuma waɗanda ake iya ba su kaya a kan magana kawai, saboda an san ba su taɓa cin amana ba.

Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da gwamnati ta tsayar ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a Yuli ta wuce 600. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. A nan ne darasin da ya fi kowanne girma yake, kuma har yau akwai masu shagon da ba su gane shi ba.

Mu ɗauka ga mai sarin shadda da atamfa a Kwari, wanda ke shigo da kaya daga Sin. A watan Mayu jarinsa naira miliyan 7.5 ne. A lokacin 'yan canji na Wapa suna sayar da dala a wajen naira 750, wato jarin nan ya kai dala 10,000. Ya yi ta ciniki, kaya na fita, ya ci ya sha, ya yi wa iyali kayan salla. Disamba ta zo, ya tattara abin da ke hannunsa ya ga naira miliyan 9. Ya yi hamdala, ya ce ya ci ribar miliyan ɗaya da rabi. Amma a Disambar dala ta kai wajen naira 1,200 a Wapa, don haka miliyan 9 ɗin nan dala 7,500 kawai za ta saya. Wanda ke ɗauko dila 10 ya koma 7 da rabi. Kashi ɗaya cikin huɗu na uwar kuɗinsa ya zube alhali yana murnar riba. Kafin Fabrairun 2024 ta ƙare dalar ta haura 1,500 nesa ba kusa ba. Mutane da dama sun karye a wannan tsakani ba tare da gobara ko ɓarawo ba. Sun sayar da kaya a farashin da suka saro, ba farashin da za su sake sarowa ba. Tsofaffin 'yan kasuwa ba su tambayar nawa ke cikin asusu, dila nawa ko turmi nawa suke tambaya. Haka ma'aikaci ya kamata ya auna albashinsa: kwanon shinkafa nawa yake saye a farkon shekara, nawa yake saye a ƙarshenta. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 28.9 cikin ɗari a Disambar 2023, ta kai 34.8 a Disambar 2024. Duk kuɗin da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa, gwargwadon haka ya rame.

Abin mamaki, wannan lissafin ba baƙo ba ne a wurinmu. Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Kano ya raba 'yan kasuwa gida biyu: mai ajiye kaya yana jiran su yi tsada, da mai juya kaya kullum, wanda ake kira mudiri. Kusan duk mai shago a Kwari ko Singa mudiri ne. Hukuncinsa shi ne ya tsayar da wata guda a shekara, ya yi wa hajarsa kuɗi a farashin ranar, ya haɗa da tsabar da ke hannunsa da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake bin sa, in abin ya kai nisabi, wato kimar zinare kimanin giram 85, ya fitar da ɗaya cikin 40. Ashe addini ya riga ya wajabta ƙirgar shekara. Mai kintata zakkarsa da ka, ya ce bana bari in ba da kaza, ya cuci talaka ko ya cuci kansa, kuma ya rasa damar sanin inda kasuwancinsa ya dosa.

Sai bashi, wanda Hausawa suka ce hanji ne, yana cikin kowa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Duk da haka kunya kan hana mu rubutawa, musamman in ɗan'uwa ne ko maƙwabcin shago. "Haba Alhaji, ni da kai har sai an rubuta?" Daga wannan jumla zumunci da yawa ya tsinke, magada da yawa suka tsaya gaban alƙali. Rubutun ma kansa yana buƙatar tsaro. A gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 shaguna kimanin 3,800 suka ƙone, a watan Agustan 2022 kuma ruwa ya shiga shagunan Kwari ya jiƙa kaya. Wuta da ruwa ba su bambanta atamfa da littafin bashi. Ɗaukar hoton shafukan littafin da waya duk ƙarshen mako ba ya cin ko sisi. Wanda kuma ke ƙyamar inshora saboda riba ya sani tun 2013 hukumar inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, kuma akwai kamfanonin da ke yin sa.

Rusau ɗin shagunan filin Idi da gwamnatin jiha ta yi a Yunin 2023 shi ma ya bar nasa darasin, ko da wane ɓangare mutum yake goyon baya: kafin ka zuba jari a gini, bincika asalin filin, kada ka tsaya ga takardar da aka miƙo maka.

Akwai wani shafi da ba a cika buɗewa ba, shafin mutane. Yaron shagon da ya shekara 10 yana buɗe maka ƙofa da sassafe, yana ɗaukar dila, yaushe za a sallame shi? Maƙwabtanmu Ibo na Sabon Gari sukan yanka wa yaro adadin shekarun da zai yi tun ranar da ya zo, in sun cika maigida ya ba shi jari ya kama nasa. Ba kowa ke cika alkawarin ba, amma aƙalla akwai wa'adin da za a kama mutum da shi. A wurinmu sau da yawa sai "in Allah ya yarda," har yaro ya yi furfura ko ya fara ɗan hali. Haka gida. Mai fita kasuwa da safe ya dawo bayan isha ya tambayi kansa ko ya san ajin da 'yarsa take, da izun da ɗansa ya kai, da ranar da ya yi gwajin hawan jini na ƙarshe. Mai ƙirga turmi ɗaya-ɗaya bai kamata a ce bai san waɗannan ba.

Mai karatu, ko kana da shago ko albashi kake jira, ko kina sana'a a cikin gida, a tsayar da rana ɗaya a wannan watan. A ƙirga kayan da ke ƙasa a farashin yau, a rubuta sunan duk wanda ake bi da wanda ke bin mutum, a ware kuɗin cefane daga jari, a kira yaron shago a faɗa masa shekarar da za a sallame shi. Takardar kuma a sa mata kwanan wata a adana, domin da ita za a gwada ta baɗi.