Rijiyar Marubuci Idan Ta Ƙafe: Daga Shaihu Umar Zuwa Zaurukan WhatsApp

Baƙon da ya shigo Bauchi da wuya ya bar garin ba a kai shi kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa ba. Masu rakiya za su ba shi labarin firayim minista, da zaƙin murya, da juyin mulkin watan Janairun 1966. Abin da ba kasafai suke tsayawa a kansa ba shi ne, mutumin da ke kwance a wurin marubucin ƙagaggen labari ne. Yana saurayi ɗan shekara ashirin da kaɗan, sabon malami a Makarantar Midil ta Bauchi, ya shiga gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, ya rubuta Shaihu Umar, aka buga a 1934. Ya rayu shekara talatin da biyu bayan haka, bai sake fitar da wani ƙagaggen labari ba.

Ba za a ce rijiyarsa ce ta ƙafe ba. Aji ya ɗauke shi, majalisa ta karɓe shi daga hannun aji, mulki ya rufe ƙofar baki ɗaya. Shi kuwa Malam Sa'adu Zungur, mai waƙar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, doguwar rashin lafiya ce ta takura shi a gida har ya rasu a 1958, amma kaifin kansa bai dakushe ba. Shirun da ake gani tsakanin matasan marubutan garin a yau wani iri ne na uku. Mutum yana da lafiyar jikinsa, ga waya a hannu, ga masu karatu suna jira, har sun biya kuɗinsu, amma ya buɗe shafi ya zuba masa ido kamar wanda aka aika kasuwa ya manta saƙon.

A ɗauki marubuciya irin wadda ake samu a Fadamar Mada, ko Jahun, ko ɗakunan kwanan ɗalibai a Yelwa da Gwallameji. Ta fara labari da ɗoki. Ta saki shafukan kyauta goma ko ashirin, labari ya ɗauki zafi, sannan ta sanar cewa daga nan littafin kuɗi ne: naira ɗari biyar ko dubu ɗaya, a tura ta banki ko a turo katin waya, a saka mutum a zauren WhatsApp. Daga ranar da kuɗin farko ya shigo, labarin ya tashi daga abin sha'awa ya koma bashi. Kullum sai ta yi taifin da babban yatsa, sau da yawa bayan an kwantar da yara ko an gama karatun jarrabawa. Idan ta makara da awa biyu, saƙonni sun fara sauka: ina ci gaba? Wata uku a haka, sai a wayi gari ta rubuta cewa a yi mata uzuri, kanta ya cushe. Wasu sukan dawo bayan mako guda. Wasu zauren ke nan ya mutu, da labarin a tsakiya, jaruma na kan gadon asibiti har abada.

Masana sun daɗe da sanin wannan hali. Wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York, Herbert Freudenberger, ya siffanta shi a 1974 bayan ya lura da yadda masu aikin sa kai a asibitin kyauta suke tsiyayewa sannu a hankali. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a kundinta na rabe-raben cututtuka, tare da jan hankali cewa ba cuta ba ce, matsala ce da ke fitowa daga wahalar aiki da ta daɗe ba a shawo kanta ba. Ta kawo alamomi uku: ƙarewar kuzari, jin nisa ko ƙyamar aikin da mutum yake yi, da raguwar ƙwarewa. Ta biyun ce ta fi amfani ga marubuci wajen gane inda yake. Gajiya kowa yana yi, barcin dare ɗaya yana maganinta. Amma ranar da marubuciya ta ji ƙarar shigowar saƙo gabanta ya faɗi, ko ta ji ta tsani jarumar da ita ta ƙirƙira da hannunta, magana ta wuce gajiya.

Tushen abin yana cikin yadda kasuwar ta sauya. A zamanin adabin kasuwar Kano, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon 2000, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino suna rubuta littafi ko kashi guda na littafi su gama, a kai maɗaba'a, dillalai su raba, ya iso teburan masu sayar da littattafai a Bauchi. Waccan kasuwa tana da nata ciwon: dillali ya riƙe kuɗi, masu haya su ba mutum hamsin kwafi ɗaya, ga takaddamar tace littattafai da ta kai ga ƙona wasu a Kano a 2007. Duk da haka akwai tazara tsakanin mai rubutu da mai karatu. Wanda bai ji daɗin ƙarshen labari ba sai dai ya rubuto wasiƙa, kafin ta iso marubuciya ta huta. Wayar hannu ta share wannan tazarar. Yanzu mai karatu yana cikin ɗakin marubuciya dare da rana, yana gaya mata wa zai auri wa, yana zaginta idan ta kashe wanda yake so.

Ga kuma kuɗin da ba ya tsayawa. Mutum ɗaya ya biya, ya kwashe shafukan ya watsa a zaurukan kyauta. Wani ya haɗa littafin gaba ɗaya ya ɗora a intanet, wani ya karanta shi da murya a YouTube ba tare da ya nemi izini ba. Shi ya sa kusan kowane littafin kuɗi yake buɗewa da gargaɗi da Allah-ya-isa ga duk wadda ta fitar da shi. Makamin ke nan da ya rage, kuma bai hana ba. A ɗaya ɓangaren kuwa tsada na hawa: cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ɗaga farashin komai, har da cajin waya a shagon mai janareta ranar da babu wuta, sannan a farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Kuɗin littafi bai bi wannan hawan ba, domin masu karatun su ma aljihunsu ya huje. Mafita ɗaya da ta bayyana ga marubuciya ita ce ta ƙara yawan abin da take fitarwa. Ta gama littafi yau, jibi ta sanar da sabo.

Yawancin masu wannan rubutu mata ne, kuma rubutun ba ya cikin lissafin aikin gida. Babu mai ɗauke mata girki don tana tsakiyar babi. A idon mutanen gida, danna waya take yi.

Illar tana fara bayyana a jikin labarin tun kafin a gan ta a jikin mai shi. Labarin da ya kamata ya ƙare a shafi na arba'in sai a ja shi zuwa ɗari da ashirin, a dawo da kishiyar da aka riga aka kora, a sa jarumi ya yi haɗarin mota ya manta kowa. Attajirin saurayi mai girman kai da 'yar talaka mai tsiwa sun zagaya littattafai har sun gaji da kansu. Masu sukar marubutan intanet sukan ɗora wannan a kan rashin karatu ko son kuɗi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Sai dai wanda ke bin bashin shafi kullum ba shi da lokacin ƙirƙira, abin da ya saba da shi zai jawo. Har batsar da ake ta kuka da ita tana da alaƙa da wannan, ko da yake ba uzuri ba ne: ita ce hanya mafi sauƙi ta riƙe mai biya idan dabara ta ƙare.

Gane matsalar ma wani aiki ne. Marubuciyar da ta kasa rubutu takan fara zargin kanta da lalaci. Idan abin ya daɗe, 'yan'uwa su ce baki ne ya kama ta, ko wata abokiyar hamayya ce ta yi mata jifa, a shiga neman tofi da hayaƙi. Addu'a ba ta taɓa zama asara ba, amma ba ta rage yawan shafukan da aka yi alkawari. Akwai kuma haɗarin da ke ɗaya gefen. Ƙafewar basira takan tsaya a kan aikin: mutum yana jin daɗin biki, yana dariya da yara, rubutun ne kawai ba ya so. Idan duhun ya rufe komai, abinci ya fita rai, barci ya ƙaura makonni, har tunanin cutar da kai ya fara leƙowa, wannan ya fi kama da ciwon damuwa, kuma wurinsa gaban likita ne, a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko wani asibitin, ba zauren marubuta ba.

Game da farfaɗowa, tarihin adabin Hausa yana da misali da ake yawan mantawa. Magana Jari Ce ba a tsakanin darasi da darasi aka rubuta shi ba. An ɗauke Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina, aka kawo shi Zariya a 1936, ya zauna wajen wata shida ba shi da wani aiki sai karatu da rubutu. Littafin da ya fi kowane shahara a zuben Hausa ɗan hutu ne da aka ɗauki nauyinsa. Irin wannan tsari yana nan a Najeriya: gidan marubuta na Ebedi da Dakta Wale Okediran ya kafa a Iseyin ta jihar Oyo a 2010 yana saukar da marubuta na wasu makonni su yi aikinsu. Daga Bauchi zuwa Iseyin tafiya ce mai nisa, kuma matar aure mai goyo ba za ta je ba. Abin mamaki ne jihar da ke da masaukan Yankari, da jami'o'i, da reshen ƙungiyar marubuta ta ANA, a ce ɗaki biyu na wata guda ya gagara.

Kafin a samu wannan, marubutan da suka daɗe a fagen sun gano dabarun kansu. Wasu ba sa karɓar ko kwabo sai sun kammala littafi, sannan su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Kuɗin yana jinkiri, amma babu mai binsu bashi. Wasu sun rage zuwa kwana uku a mako, suka ɗora wa wata amintacciya kula da zaure da karɓar kuɗi, don kada su karanta kowane sharhi da zafinsa. Gasar gajerun labarai ma ta zama wurin shan iska. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, tana neman labarin da bai wuce kalma 1,500 ba, kuma wadda ta saba da shafi ɗari takan ji wani irin sauƙi idan ta ga labari ya fara ya ƙare a zama uku.

Sai zaman ido da ido, wanda garin ya san shi tun tuni. Wajen 1943 Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Tafawa Balewa suna haɗuwa a zauren tattaunawa na Bauchi, suna musu har hukuma ta gaji da su. Zauren WhatsApp na masu karatu yana cike da masu jiran kaya. Zaman marubuta biyar a aji guda ranar Asabar, kowa ya karanto shafi biyu a yi masa gyara, yana cike da mutanen da suka san yadda kayan ke fitowa.

Hutun da kowa ya yarda da shi ba gardama guda ɗaya ne a shekara. Idan Sha'aban ya kusa ƙarewa, sanarwa takan cika zaurukan: an dakata, sai bayan Sallah in Allah ya kai mu. Babu mai zagi, babu mai neman a mayar masa da kuɗinsa. Masu karatun da ba sa iya jiran awa biyu a sauran watanni sukan jira kwana talatin cur, su dawo ranar uku ga Sallah suna tambayar inda aka tsaya.