Likitan da ke Bayan Motar Asibiti

 Shirin namu na yau zai leƙa Amurka ne.

A can, idan motar asibiti ta iso wurin hatsari, da wuya ka ga likita a cikinta. Ma'aikatan agajin gaggawa ne ke sa wa majiyyaci ruwa, su yi masa allura, su zura masa bututun numfashi a maƙogwaro. To, da izinin wa? Da izinin likita guda, daraktan lafiya na rundunar motocin asibitin. Shi ke rubuta ƙa'idojin aiki ya sa hannu, shi ke duba rahoton fitar da aka yi, kuma yana da ikon dakatar da wanda hannunsa bai faɗa ba.

Kafin a zo nan an sha wuya. Har cikin shekarun 1960, a garuruwa da dama masu motar ɗaukar gawa ne ko 'yan sanda ke kwasar majiyyaci. A 1967 aka kafa rundunar motocin asibiti ta Freedom House a birnin Pittsburgh, inda Dakta Peter Safar ya horar da baƙaƙen fata 'yan unguwar talakawa, waɗanda da yawansu ba su da aikin yi. Safar ya san zafin abin, domin a 1966 ciwon asma ya yi ajalin 'yarsa. A 1974 ya damƙa muƙamin daraktan lafiya na rundunar a hannun wata matashiyar likita, Nancy Caroline. Ita kuwa ba ta zauna a ofis ba. Motar take shiga tare da su, dare da rana, tana ganin yadda ake aiki a kan titi da cikin ɗaki mai duhu, kana ta gyara kuskure nan take. Darussan da ta tsara su suka zama tushen horar da irin waɗannan ma'aikata a faɗin ƙasar. Abin takaici, a 1975 aka rufe rundunar.

Yau sharaɗin farko na zama daraktan lafiya shi ne lasisin aikin likita a jihar, galibi tare da ƙwarewa a sashen gaggawa. Tun 2010 aka mai da aikin fanni mai zaman kansa, mai horon shekara guda, aka fara jarrabawarsa a 2013. Hukumar birni ko kamfanin motocin ne ke naɗa daraktan bisa dokar jiha. A ganina takarda kaɗai ba ta wadatar ba. Wanda bai taɓa durƙusawa a gefen kwalta kan wanda jini ke zubar masa ba, ta yaya zai rubuta wa wasu ƙa'ida?

Najeriya ma ta ƙaddamar da nata tsarin agajin gaggawa, NEMSAS, a 2022. Kiranmu ga masu naɗi shi ne, a naɗa likitan da ya san aikin, a ba shi iko a rubuce, a kuma sa shi ya riƙa shiga motar.