Baƙon Kifin Da Ya Ƙi Tafiya: Farautar Kifi-Zaki A Bakin Teku

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, wato ba ya daɗewa. Amma masuntan tsibiran Karibiyan da na jihar Fulorida a Amurka sun yi wani baƙo wanda ya zo ya zauna, har ya soma cinye abincin masu gida. Wannan baƙo shi ne kifi-zaki.

Asalinsa daga tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya ne. Kyakkyawa ne ƙwarai, jikinsa zane-zane ja da fari, fukafukansa a baje kamar gezar zaki. Saboda kyan nan ne mutane suka riƙa sayensa suna ajiyewa a akwatunan gilashi don ado. Masana na ganin waɗansu da suka gaji da kiwonsa ne suka zuba shi a teku. A shekarar 1985 aka fara ganinsa a gaɓar Fulorida, a 2004 ya kai Bahamas, daga nan ya bazu ko'ina a yankin.

To, mene ne laifinsa? Da fari dai, manyan kifayen yankin ba su saba cinsa ba. Na biyu, mace ɗaya takan zuba ƙwai wajen miliyan 2 a shekara. Na uku kuwa, ci gare shi kamar gara. Wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna cewa a Bahamas, kifi-zaki ɗaya ya rage ƙananan kifayen da ke tasowa a mazauninsa da kashi 79 cikin ɗari a makonni 5 kacal. Cikin waɗanda yake cinyewa har da masu kiwon gansakukar da ke rufe duwatsun murjani. In babu su, murjanin ya shaƙe, kifaye su rasa mafaka, masunci ya koma gida hannu rabbana.

Da yake ba kasafai yake kama ƙugiya ba, sai an bi shi har gida. A ruwa marar zurfi, maharbi ba ya bukatar tulun iska. Tabaran ruwa yake sawa, da ɗan bututun numfashi a baki, da takalman iyo masu kama da ƙafar agwagwa. Yana shawagi a saman ruwa yana leƙen ƙarƙashin duwatsu, in ya hango shi sai ya riƙe numfashi ya nutsa. Makaminsa gajeren mashi ne mai baki 3, da roba a gindi mai harba shi. Kifin ba ya saurin gudu domin ya dogara da ƙayoyinsa, saboda haka akan matsa kusa a harbe shi daidai kai.

Amma fa a yi hattara. Ƙayoyi 18 masu dafi ke jikinsa: 13 a gadon baya, 5 a ƙasa. Shi ya sa ake tura shi cikin mazubi mai kauri ba tare da an taɓa shi ba. Wanda ya soku, sai ya fito daga ruwa, ya tsoma wurin cikin ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure na aƙalla minti 30, sa'an nan ya nemi likita.

Abin daɗi shi ne, dafin yana a ƙayoyi ne kaɗai. In an datse su da almakashi, naman fari ne mai daɗi. A 2009 aka yi gasar kamunsa ta farko a Abako ta Bahamas, aka kama 1,408 a yini ɗaya. A Fulorida ba a ƙayyade yawan da mutum zai kama ba, kuma a 2014 aka hana shigo da shi da rai.

Ba mai sa ran ƙarar da shi, domin yana rayuwa har zurfin mita 300, inda mai iyo ba ya kaiwa. Amma inda ake farautarsa a kai a kai, ƙananan kifaye suna farfaɗowa. Mai karatu, dubi yadda sakacin mutane ƙalilan ya bar wa dubban masunta aikin da ba ranar gamawa.