Kumfar Kwakwa a Cikin Shamfu

Juya kwalbar shamfu ko sabulun wankan jariri ka karanta ƙananan rubutun da ke bayanta. Sau da yawa za ka ci karo da sunan Cocamidopropyl Betaine. Shi ke sa kumfa ta yi kauri da laushi, kuma ba ya yi wa ido yaji kamar wasu 'yan'uwansa, shi ya sa masu haɗa sabulun yara ke son sa. Har cikin wasu man goge baki ana zuba shi.

Hoton kwakwar da ake bugawa a gaban kwalba na ruɗar mutane. I, daga man kwakwa ake faro shi, amma sai ya bi ta masana'anta an haɗa shi da wasu sinadarai, kuma abin da ke fitowa ya yi nisa da man da muka sani.

Yawancin mutane suna wanka da shi shekara da shekaru ba abin da ya same su. Duk da haka, a 2004 wata ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta zaɓe shi a matsayin sinadarin shekara cikin masu tayar da borin fata. Galibi laifin na ragowar sinadaran da ke maƙalewa ne idan ba a tace shi da kyau ba, wato DMAPA da amidoamine. Alamun su ne ƙaiƙayi, jan fata da ƙananan ƙuraje a fatar ido, wuya ko kai. Ba nan take suke fitowa ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, har mutum ya ɗora wa zafi ko abin da ya ci laifi. Mata masu wankin kai a shago su ne hannuwansu suka fi shan wahala. Wanda ya ga haka ya ajiye kwalbar, ya kai ta wurin likitan fata.

Kada a rikita shi da Cocamide DEA, shi ma ɗan kwakwa ne. Wannan kam hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Faransa ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa su jawo kansa, jihar Kalifoniya ma ta yi gargaɗi a kansa a 2012. Masu haɗa sabulun ruwa a gida, idan za ku sayi maganin ƙara kumfa a kasuwa, ku sa mai shago ya nuna muku sunan da ke jikin jarka.