Haɗin Kai a Wasannin Yara na Ƙasar Gobir

Ana iya kasa wasannin yara gida biyu: na gasa da na haɗin kai. A Unguwar Lalle da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa, dara ita ce fitacciya a rukuni na farko. Akan haƙa gurabe 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Cin wani faɗuwar wani ce.

Na haɗin kai kuwa sai a dandali. A langa, 'yan ɓangare ɗaya sukan kare "ruwa" har ya isa masha, shansa kuma shan kowa ne. A gaɗa, yarinya takan faɗa da baya, ƙawayenta su tare ta su cilla ta. In suka yi sake, ta sha ƙasa. Nan yaro ke fara koyon amana, wadda zai tarar gobe wajen gayya.

A Jamus, kamfanin HABA ya ɗora irin wannan hikima bisa allo a 1986 da wasan Obstgarten, inda yara ke haɗuwa su tsinke 'ya'yan itatuwa kafin hankaka ya riga su. Ko su ci tare, ko su faɗi tare.

Hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a yankin tun 2020 sun sa fita dandali da dare ta yi wuya. Saboda haka ya kamata malamai su taskace waɗannan wasanni, su kuma ƙirƙiro darar da iyali za su yi a tsakar gida ba tare da an kayar da kowa ba.