Malam Sa'adu Zungur da Gargaɗinsa ga Sarakuna

Malam Sa'adu Zungur, Allah Ya jiƙansa, ɗan gidan malamai ne a birnin Bauchi. Da allo ya fara, ya karanta fiƙihu da nahawu, kana ya shiga Kwalejin Katsina. A 1934 ya tafi babbar kwalejin Yaba ta Ikko, alhali babu ɗan Arewa da ya riga shi shigarta. Saboda haka in jayayya ta haɗa shi da alƙali, da aya da hadisi yake yinta, in kuwa da Razdan ne, sai ya mayar masa da Turancinsa.

Ya yi koyarwa a Kano da Zariya, sa'an nan ciwon huhu ya komar da shi gida. A Bauchi, cikin 1943, aka buɗe majalisar muhawara, shi da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikinta, ana tattauna mulkin En'e a bainar jama'a, abin da talaka ba ya faɗa a lokacin sai cikin zaure. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Azikiwe a Ikko, amma zaman bai yi tsawo ba.

Mafi nauyin abin da ya bari ita ce waƙar "Arewa, Jumhuriya ko Mulukiya". Masu cewa maƙiyin sarauta ne ba su karanta ta da natsuwa ba. Nasiha ce ta mai tsoron kada gida ya rushe. Ya kira sarakuna su koma ga adalcin da Shehu Usmanu ya yi jihadi dominsa, su yaƙi jahilci, su daina danne talaka, in ba haka ba mulki ya suɓuce musu. Ya buga musu misali da ƙasar Hindu, inda manyan sarakuna masu taskokin zinariya suka rasa ikonsu bayan samun 'yanci a 1947. Malamai ma bai ƙyale su ba, don a "Waƙar Bidi'a" ya soki tsafi da camfi da al'adun da aka cusa cikin addini.

Ya rasu a 1958 yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai, saura shekara biyu a sami mulkin kai. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna, a 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi, En'e ta kau. Malam Ɗandatti Abdulƙadir ya tattara waƙoƙinsa da tarihinsa cikin littafi a 1974, jami'ar jihar Bauchi da ke Gadau kuwa da sunansa ake kiranta yau.