Ƙwaro, Allura da Kakakin da Ya Lanƙwashe

Yau kwandon namu cike yake da tsofaffin faya-fayan garmaho na kiɗan jaz, da mawaƙan jiya, da finafinan da suka girmi kakannin wasunmu. A gyara zama.

Faifan jaz na farko da ya shiga kasuwa an ɗauke shi ne a New York a 1917, kuma abin da ya ja masu saye kukan dabbobi ne: sarewa ta yi carar zakara, ƙaho ya yi haniniyar doki, dogon kakaki ya yi kukan saniya. Kiɗan da yau ake sa kwat a je saurare, daga garke ya fara sallama.

Shi kansa faifan, da wani ƙaro ake yin sa wanda ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, a haɗa da garin dutse. Mawaƙi ya sha tafi, ƙwaro ko sannu bai samu ba.

Juyi 78 faifan ke yi a minti ɗaya, kuma kowane gefe minti 3 ne ko da ɗan ɗoriya, don haka mai busa dole ya faɗi abin da ke bakinsa ya ba na gaba wuri. Ni dai a nan nake ganin daɗin kiɗan lokacin ya ɓuya. Da babban faifai mai ɗaukar sama da minti 20 ya fito a 1948, sai masu busa suka koyi dogon Turanci.

Allurar garmaho ta ƙarfe kuwa, ƙa'ida ita ce a sauya ta bayan kowane gefe, shi ya sa ake sayar da ita ɗari-ɗari a ɗan gwangwani. Mai rowar allura, faifansa ke biyan bashin.

Kafin 1925 babu makirufo a ɗakin ɗaukar sauti. Wani ƙaton mazurari ake kewayewa, mai ƙaramar murya ya matso, mai ƙarfin huhu a tura shi can bango. Babbar ganga ma akan hana ta shiga, don tana sa allura tsalle. Mai ganga ya zo aiki, an miƙa masa ɗan katako ya ƙwanƙwasa.

A garin Richmond na jihar Indiana akwai wani ɗakin ɗaukar sauti da ya fitar da manyan faya-fayan jaz a 1923, ga shi kuma dab da layin dogo. Jirgi na tahowa, kowa ya sauke ƙahonsa ya jira. Direban jirgi ne babban mai ba da umarni.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ƙaron nan ya yi wuya a Amurka, har wasu kantuna suka ce sai ka kawo tsohon faifai kafin a sayar maka da sabo, a niƙe tsohon a sake zubawa. Allah kaɗai ya san waƙoƙin da suka tafi a turmi.

A watan Agusta na 1942 makaɗan Amurka suka shiga yajin aikin ɗaukar faifai, wanda ya kai har 1944 ga manyan kamfanoni. Mawaƙa ba sa cikin ƙungiyar makaɗan, sai suka ci gaba da waƙa da 'yan amshi kawai a bayansu, sunansu ya yi sama. Makaɗa suka dawo suka tarar an sauya mai gida.

Ana ba da labari cewa a 1926, a Chicago, takardar waƙa ta suɓuce wa wani mai busa ƙaho yana tsaka da rerawa, sai ya ci gaba da zuba sautuka marasa ma'ana har ya kai ƙarshe. Masana sun ce an riga shi yin irin wannan salo, amma labarin ya fi gaskiyar daɗi, shi ya sa ya ƙi mutuwa.

Wannan kuwa ba jita-jita ba ce, tana nan a faifai. A Berlin a 1960 wata babbar mawaƙiya ta manta baitocin waƙa a gaban dubban mutane, sai ta shiga rera cewa ta manta, tana ƙirƙirar nata nan take, kuma faifan ya ciyo lambobin yabo biyu. Wani ya yi mantuwa a kore shi, wata ta yi a ba ta kambu.

Sautin nan na kakaki mai kama da mutum yana gunaguni, da robar da ake buɗe toshewar masai ake fitar da shi, a riƙa rufe bakin kakakin ana buɗewa. Muna dai kyautata zaton sabuwa suke saye.

A 1953 wani ya faɗa kan kakakin wani gwani a wurin biki, bakin ya lanƙwashe ya kalli sama. Da ya busa sai sautin ya yi masa, ya sa aka riƙa ƙera masa irinsa har ƙarshen rayuwarsa. Kumatunsa kuwa in yana busa, sai ka rantse mai algaitar fada ne ranar hawan salla.

Gwanin gitar da Turai ta fi alfahari da shi a jaz, gobara ta nakasa masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928 yana ɗan shekara 18. Da sauran biyun ya riƙa tsere a kan tsirkiya a Paris, masu yatsu cikakku na binsa a baya suna haki.

A Toronto a 1953 manyan gwanaye biyar suka hau dandali ɗaya, ɗayansu da farar saksofon ta roba, amma kujeru da yawa babu kowa saboda ana babban dambe a daren. Damben ya ƙare a zagayen farko. Faifan daren har yau ana saye. Waɗanda suka zaɓi dambe, sai mu ce Allah ya ba da haƙuri.

Tarin faya-fayan jaz da ake ji da su na shekarun 1950 a falon wani gida aka ɗauke su a Hackensack, jihar New Jersey. Ɗan masu gidan ne ke aikin, kuma sana'arsa ta rana gwada ido da ba da tabarau. Iyaye masu haƙuri ke nan.

Wani faifai na 1959, da aka ɗauka a tsohuwar coci a New York kuma ake sa shi a sahun gaba na jaz baki ɗaya, ashe na'urar tef ba ta juya daidai ba, sautin gefen farko ya ɗan haura. Sai a 1992 aka gyara. Shekara talatin da ɗoriya masu kunnen zinariya na jinjina kai.

A Cologne ta Jamus a 1975 aka kawo wa wani mai fiyano ƙaramar fiyano mai lalura maimakon wadda ya nema, ga ciwon baya ga rashin barci, har ya so fasawa. Ya daure ya kauce wa wuraren da ba su da lafiya, faifan ya sayu fiye da miliyan 3. Da an kawo mai kyau, wa ya sani.

A Tarayyar Sobiyet, inda hukuma ta daɗe tana harar jaz, matasa kan kwaso tsofaffin hotunan ƙashi daga asibiti, su yanke su da'ira, su huda tsakiya da wutar sigari, su zana waƙa a kai. Ka sayi kiɗan rawa, a ba ka haƙarƙarin wani kyauta.

Gwamnatin Jamus ta hana sa jaz a rediyo a 1935, sannan da yaƙi ya zo ta kafa nata rukunin makaɗan jaz don aika farfaganda zuwa Ingila. Haram a gida, halal a kan maƙwabci.

Kumbo biyu da aka harba a 1977, waɗanda yanzu suka yi nisan da ba wani abin hannun ɗan Adam da ya kai, kowanne na ɗauke da faifai mai ruwan zinariya, ciki har da kiɗan jaz na 1927. An haɗa da allura, don kada baƙi su kawo uzuri.

Mu leƙa silima. Finafinan da ake kira na bebaye ba a shiru ake kallonsu ba: akwai mai fiyano a gaban allo, a Japan kuma har da mutum a gefe yana bayani yana kwaikwayon muryoyi. Wasu 'yan kallo mai bayanin suke biya, fim ɗin gyara ne.

In kun ga mutanen tsohon fim suna tafiya da sauri-sauri, ba gaggawa suke ba. Yawanci an ɗauke su ne hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa, aka zo ana haska su a 24. Kakanni na da natsuwarsu, inji ne ya yi musu sharri.

Fim ɗin 1927 da ake cewa shi ya buɗe bakin silima, maganar da ke cikinsa ba ta wuce kamar minti 2 ba. Sauran waƙa ne da rubutu a allo. Da 'yar wannan aka tura masu fiyano neman wani aiki.

Dracula na 1931 sau biyu aka ɗauke shi a wuri ɗaya: masu Turanci da rana, masu Sifaniyanci da dare. Da yawa cikin masu sharhi na cewa na daren ya fi kyawun ɗauka. To, ai dama dare lokacinsa ne.

Masoya finafinan Indiya, ga naku. Fim mai magana na farko a can, na 1931, da dare aka ɗauki yawancinsa a Bombay don gudun ƙarar jirgin ƙasa, da waƙoƙi 7 a ciki, kuma yau babu kwafinsa ko ɗaya. Shekara na zagayowa wani ya fito da waƙoƙi kusan 70. Labari sai dai ya nemi wurin raɓawa.

Ɓatan ba abin mamaki ba ne, don tsohon zaren fim na kama wuta da wuri, kuma ko a cikin ruwa yana ci gaba da ci. Kusan kashi 70 cikin 100 na manyan finafinan bebaye na Amurka sun tafi, wasu a gobara, wasu an narke su don ɗan azurfar da ke jiki.

Amma a 1978, a garin Dawson na arewacin Kanada, ana haƙa sai aka tono naɗin fim 533 da aka cike tsohon wurin ninkaya da su a 1929, ƙanƙara ta adana su. Garin ne zangon ƙarshe, kamfanoni kuma sun ƙi biyan kuɗin mayarwa. Rowa ma takan yi rana.

Jinin da ya tsorata duniya a wani fim mai baƙi da fari na 1960, ruwan cakulan ne. Dusar ƙanƙarar wasu finafinan shekarun 1930 kuwa asbesto ce, mai lahani ga huhu. Abin tsoron lasa ake yi, abin sha'awar ne mugun.

Wanda ya gaji faya-fayan garmaho a ɗakin kaka, ya jera su a tsaye, ya raba su da rana, kuma kada ya kuskura ya goge su da sifirit, don yana narkar da ƙaron. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Sai mun sake haɗuwa.